Zakaran Ƙarfe

A ƙauyenmu, gaba da Ponte da Barca,
in an gama tsinkar inabi,
Laraba ce ranar wankina.
Zannuwan gado shida, rigunan barcin Custódio,
na shanya su tsakanin lemo da zaitun,
na juya baya in ɗora tukunya,
sai ga shi.

Ba ya sallama.
Ba ya bin ƙofa kamar mutanen kirki.
Ta kan katangar dutse yake haurowa,
fari, mai kauri, jiƙe sharkaf,
ya shafa kowane zane da tafinsa,
ya leƙa taga,
ya tarar da mijina a kujera,
ya zauna masa a ƙirji.

Custódio ya yi shekara talatin a masaƙa.
Huhunsa rabi nasa, rabi na auduga.
In yana tari, sai ka ce ana jan tebur a kan daɓe.

Na rufe tagogi. Na cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa.
Na aika harara ta kan katanga,
harara kuwa ba ta kashe wuta.
Na rubuta takarda zuwa ofishin gunduma,
na karanta sau biyu, ta yi mini daɗi ƙwarai,
na danne ta da kwalbar zuma.
Tana nan har yau, ta yi danƙo.
Abílio fa shi ya riƙe akwatin babana ta gefen hagu
ranar da ruwa ya hana kowa fitowa.
Wannan za ka kai ƙara?

Ran nan na yaye zane guda daga igiya,
na zagaya ta lambunsa.
Yana tsaye da manjagara, hula har gira,
yana yi wa wuta ɗurar ɗanyen ganye,
ita kuwa tana ƙi.
Na ce, “Shinshina.”
Ya kai hanci. Ya daɗe.
Ya ce, “Ermelinda, hancin nan ya riga ni yin ritaya.
Tun zazzaɓin bara ban san kifi da fure ba.”
Na ce, “To, kunnen fa?”
Muka yi shiru.
Daga bayan katanga
ana jan tebur a kan daɓe.

Ya cire hula. Ya murɗe ta kamar wanki.
Can ya nuna hasumiyar coci,
inda zakaran ƙarfe ke juyi tun kafin a haife mu:
“In bakinsa ya dubi gidanki, iska daga wajenki take,
ranar zan kunna.
In ya juya miki wutsiya, ko ashana ba zan taɓa ba.”

Mako uku zannuwana suna ƙamshin rana.
Custódio ya fito har bakin rijiya,
ya yi wa kaji faɗa da cikakkiyar murya.

Sai wata Asabar aka buga ƙofa.
Graciosa ce, ta ɗaya gefen Abílio,
labulen falonta a kafaɗa, idonta jawur.
Ta ce, “Shinshina.
An ce ke kika ba shi iska.”

Ashe hayaƙi ba ya mutuwa,
maƙwabci yake sauyawa.

Na dafa kofi. Ba mu ce komai ba har ya huce.
Da yamma mu biyu muka tura baro,
jikanta ya haƙa rami a ƙarshen lambun,
muka zuba ganyen, muka bar shi ya ruɓe a hankali
kamar yadda ƙasa take so tun farko.

Yanzu ramin yana wari, ba zan ɓoye ba,
in an yi ruwa har nan muke jin sa.
Mutum ɗaya ne a ƙauyen ke iya juya shi.
Ga shi can tsakiya da manjagararsa,
hula har gira,
yana fito.