Takardar Ƙosai

A kasuwar Kantoga na fara ganinsa,
ba a littafi ba, a takardar ƙosai.
Tabawa ta yago shafi ta naɗe mini na biyar,
mai ya ratsa ya jiƙa masa ƙirji.
Ƙato ne, ba riga, gashi har kafaɗa,
damtse kamar turmi,
takobinsa ya fi taɓarya tsawo.
Na cinye ƙosan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Tun daga ranar, kuɗin tarana a gindin kaskonta yake ƙarewa.
Ɗanta ne ya auno mata takardun a Sabon Gari,
ita kuwa yaga take yi, ba ruwanta da jeri:
shafi na sha bakwai yau, na huɗu jibi,
na tara wani ya wuce da shi Gwaram
da yaji a ciki.

Turancin da ke fita bakinsu bai dame mu ba.
Ni da Cindo inuwa muke karantawa,
yadda mai zanen ya tara baƙi a ƙarƙashin gira
har ido ya zama rijiya,
yadda ya jera siraran layuka a gefen wuya
kamar kunyoyin gona in ka hango daga kan dutse.
Ga boka da hular ƙaho ya ɗaga sanda,
hayaƙi ya murɗe ya zama maciji mai kai uku.

A shafin da muka samu na ƙarshe
ƙaton na reto a bakin rami da hannu ɗaya,
takobin ya suɓuce.
Muka koma da gudu. Tabawa ta ce sun ƙare,
yanzu da takardar jarrabawa take naɗi.

Mako biyu takobin yana faɗuwa a cikin kaina
bai kai ƙasa ba.

Cindo ne ya gaji.
Ya ɗebo gawayi a murhun innarsa,
ya tunkari rumbun Kawu Jatau.
Ya so ya zana wancan na takarda,
hannunsa ya ƙi.
Sai ga fuskar Barau maƙeri, har da zubensa,
layu a damtse, warki a gindi,
takobin da ya cafe a iska ya lanƙwashe kamar lauje,
bokan kuma, in ka duba da kyau,
mai yankar harajin kasuwa ne.
Hannun da ya damƙi dutse yatsu shida,
irin na wanda ya zana shi.

Kawu ya fito da tsumagiya.
Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.
Ya ce, “Wannan ƙafar ta hagu
ba ta ɗaukar ƙato kamar wannan. Gyara.”

Ruwan fari ya wanke shi a dare ɗaya,
baƙin ya zuraro har gindin rumbu,
kaji suka tattake.

Cindo ya tafi birni shekarar da muka bar firamare,
ko wasiƙa.
Jiya ina jiran mota a bakin titi da buhun riɗi,
wata tirela ta wuce, ta doshi gabas,
a bayanta ƙato ya shaƙe maciji mai kai uku.
Na bar buhun, na bi ta da gudu kamar yaro,
ina ƙirga yatsu.