Ɗigo

A Tsanyawa na koyi ƙirga,
a kemis ɗin kawu Mamuda,
benci ɗaya, kanta ɗaya, randa a bakin ƙofa.
Yana zuba ƙwaya a murfin gwangwani,
ina ƙunshe ta a fallen tsohon littafin lissafi.
Wanda bai yi boko ba, sai a yi masa ɗigo,
na safe a zana rana,
na dare kawu ya lanƙwasa jinjirin wata.
Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce bai gane ba.

Shekara biyar a Zariya ina haddar sunaye
masu tsawon igiyar guga.
Sannan Kano ta ba ni taga da farar riga
da layin da ke kaiwa gindin darbejiya.
Shekara tara ina karanta rubutun likitoci,
kai ka ce kaza ce ta yi tono.

Wata Laraba bayan la'asar
wata mata daga Kurna ta miƙo kati,
goyonta na haki kamar mai hawan Dala.
Biyu da rabi likita ya nufa.
Biro ya ƙafe daidai wurin ɗigon,
takarda ta ce ashirin da biyar.
Har na ɗauko kwalba. Har na buɗe.
Sai ƙafar yaron ta leƙo daga zani,
ba ta kai tsawon yatsana ba.
Na mayar da murfi.
Ran nan tuwona a kwano ya kwana.

Yanzu ba ni da taga.
Jaka a kafaɗa, adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Bompai,
asibitoci na kirana in zauna da samarin da ke gina manhaja.
Sun iya yaren inji,
ba su san warin ɗakin magani ba.
Ni ke ce musu: kada ta yarda sai ta ji nauyin yaro,
kada ta haɗa wannan da wancan a ciki ɗaya,
in lamba ta yi tsalle, ta tsaya, ta yi gardama.
Sista Barira ta ce akwatin nan ya fi ɗan sanda tambaya.
Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari,
kowa ya laluba aljihu neman biro,
gabana ya faɗi.

Inna a waya: “An ce ka bar ba da magani,
wai inji kake yi wa allura?”
Na fara bayani, kati ya ƙare.
Duk da haka ta aiko kuka da daddawa a motar Asabar.

Watan jiya na roƙi samarin
su sa rana da wata a takardar da ake liƙa wa leda.
Suka yi dariya. Aikin awa biyu ne.

Jiya a Fagge, wajen fita,
na ga wani tsoho ya ɗaga ledarsa saitin haske,
yana bin ɗigon da farce,
leɓensa na motsi: ɗaya, biyu.
Bai san ni ba.
Ya cusa ta a aljihun gaba, ya tsallaka titi.

Shagon kawu yanzu cajin waya ake yi a ciki.
Bencin na nan.