Kujerar Baldomero

Ranar Talata ce, da hantsi,
a gangaren Cerro Barón, inda titi ke sulalewa zuwa teku,
motar wani mai kifi ta ƙwace wa birki
ta zo ta daki tawa a haƙarƙarin hagu.
Ƙanƙara ta watse a kwalta,
kifaye na zamiya har bakin kwata.
Yaron ya fito jikinsa na ɓari:
"Iya, kin ji ciwo?"
Ban ji ciwo ba.
Ƙofa ce ta lotsa, fitila ɗaya ta tsiyaye,
madubi na reto kamar haƙorin da ya gaji da baki.

Shekara goma sha tara muna biyan inshora,
goma sha shida da hannun Baldomero,
uku da nawa, tun da aka kai shi makwancinsa.
Na buga waya. Aka ce in danna ɗaya.
Aka ce in danna huɗu.
Aka sa mini kiɗa har shayina ya huce.

Fom ɗinsu shafi shida ne.
A na biyar akwai fili, bai kai tafin hannu ba:
zana yadda abin ya faru.
Na zana akwati biyu da kibiya.
Babu wurin kifaye.

Mai kimanta ɓarna ya zo da takalmi mai sheƙi,
ya ɗauki hoto goma sha ɗaya cikin minti bakwai.
Bai buɗe aljihun gaba ba,
inda tabarau ɗin mijina ke kwance kan taswirar Chiloé
da ba mu taɓa zuwa ba.
Bai tambayi dalilin matashin da ke kujerar direba ba.
Baldomero dogo ne, ni kuwa guntuwa,
kujerar tana nan inda ya bar ta,
ni ce nake cika tazarar da matashi.

Wasiƙa ta iso bayan mako uku:
gyara ya fi ƙarfin darajar mota.
In karɓi kuɗi, su miƙa ta ga masu gwangwan.
Kuɗin ko firji mai ƙofa biyu ba zai saya ba.

Sau uku ina hawa bas zuwa ofishinsu a Viña del Mar.
Na ce wa Señorita Maritza, ta bayan gilashi,
'yata, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.
Ta yi murmushin da aka koya mata,
ta nemi rasit, na ba ta,
ta nemi rahoton 'yan sanda, na ba ta,
ta nemi hatimi a kan hatimi.
A zuwa na uku ta rage murya,
ta nuna mini layin da zan sa hannu in riƙe motata.
Sun zaftare kashi ɗaya cikin uku.
Na cika da kuɗin da na tara don rufin kicin.

Don Evaristo bakanike ba ya gaggawa.
Yakan ƙwanƙwasa ƙarfe ya kasa kunne
kamar mai zaɓen kankana.
Ya samo ƙofa a juji can Quilpué,
koriya shar, motar kuwa fara.
Fenti sai baɗi, in ji aljihuna.
Yaron kifi yakan leƙo duk Juma'a
da ƙunshi a takarda, ya ajiye, ya kasa haɗa ido.

Jiya na je karɓo ta.
Injin ya tashi da tarin nan nasa na tsufa.
Na zauna, na miƙa ƙafa,
sai na ji birki ya tarye ni tun ban nema ba.
Evaristo guntu ne irina.
Da zai gwada ta a titi, ya jawo kujerar gaba.
Matashin yana baya, an kakkaɓe shi, an ajiye da ladabi.

Na daɗe riƙe da sitiyari.
Ya leƙo ta koriyar ƙofa: "Akwai abin da bai yi ba?"
Na ce babu.
Na sa giya.
Gangaren na jira, tekun ma haka.