Gyaran Mai Gyara

Da sunan Wanda ya ɗora ƙashi bisa ƙashi,
ya zuba mai a tsakani, ba mazurari,
na fara, daga kan gadon jinya.

Shekara talatin da huɗu a Ƙofar Ƙaura
ina rarrafe ƙarƙashin motocin mutane.
Mota na yin ƙara daga bakin titi,
kafin direba ya buɗe baki na ce mashi:
boris ne, ya cinye, sai an sauya.

Ashe nawa na can yana ci a ƙugun hagu.
Ya fara da tsami in hadari ya haɗo,
ya koma ƙas-ƙas in na miƙe daga alwala.
Na sha saiwa, na sha ƙwaya,
mai ɗori ya murza har na ga wuta,
ya ce sanyi ne. Na biya, na dawo da ɗingishina
kamar motar da ta yi faci a taya.

Likita ya ɗaga hoton ƙashina ga fitila.
Bai gama bayani ba na gane:
kan ya zaizaye, gurbin ya bushe, ba giris.
Na ce, "Na ƙarfe za ku sa?" Ya ce, "Na ƙarfe."
Na ce, "Sabo dal, ko ɗan Kwatano?"
Nas ta rufe baki da fayil tana dariya.

Kuɗin ne bai zo da wasa ba.
Filina na Sabuwar Unguwa ya tafi.
Hurera ta kwance 'yan kunnen gadonta,
ta aje mani bisa filo, ba ta ce uffan ba.
Mannir, yarona na gareji, shi da ƙanensa
suka miƙa hannu, jini leda biyu,
suka fito suna layi, wai ba wuya.

Sha biyun dare aka ɗauke kofin ruwa.
Na kira Sada na lissafa mashi bashin da ke kaina:
dubu tara na mai kayan gyara,
da sufanar Lawai da ban mayar ba.
Da safe suka sa mani riga mai tsage ta baya,
ni mai jika shida. Na haɗiye kunya.

Allura a gadon baya, ƙafafu suka zama na wani.
Bayan koren labule ina jin zarto,
ina jin guduma, na san amon aiki.
A raina ina cewa, sannu dai, samari,
kada ku ɗaure noti ya wuce ƙa'ida,
mai motar bai sauka ba, yana kujerar baya.

Washegari 'yar gashin ƙashi,
sa'ar Saudena, ta ce in tashi.
Na ce, "Jiya fa aka yanka ni."
Ta turo ƙarfe mai ƙafa huɗu gabana.
Taku uku zuwa taga, gumi har gemu.
Na je Legas a bayan tirela, ba ta kai nan nisa ba.
Ta rubuta a kati: ya yi tafiya.

Ban da harɗe ƙafa, ban da tsugunno,
ban da duƙawa ɗaukar takalmi.
Kafinta ya huda kujera aka kai banɗaki.
Ni da Hambali, ɗan wata goma sha ɗaya,
muna tsere a tsakar gida, bango-bango.
Shi ya faɗi ya tashi sau goma,
ni an hana ni ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ci mani rai salla a kujera.
Goshina na kewar ƙasa.
Likita ya ce in ba shi lokaci.
Ina ƙirga Jumma'o'i da carbi,
ban fasa yi mashi tambaya.

Yau na taka har bakin titi da sanda.
Wata akori-kura ta wuce tana ƙas-ƙas,
na ɗaga sandar, na ƙwala wa direban kira,
bai ji ba. Zai ji a jikinsa.
Iro ne, bakanike, mai sabon ƙugu,
saura taku arba'in in koma gida,
Hurera na leƙe ta zaure, tana ce mani in juya.