Mazari a Sama

Bayan girbi, a faƙon gabas da Jahun,
aka share ƙaya, aka kore awaki.
Jirage bakwai suka sauka, 'yan mitsi-mitsi,
kowanne da fankarsa a ka.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne,
ƙara kawai na zo ji.
Malam Tanimu ya ɗaure ni a kujerar gaba:
"Sassauta hannu, ba akalar raƙumi ba ce."

Can saman ɗorawar gonarmu
ya rage wuta, injin ya koma raɗa.
Cikina ya ɗuri ruwa.
Fankar kuwa ko a jikinta,
iska ke murza ta
kamar mazarin kakata a taskira.

Muka sauko sannu, kamar ganye.
Asabar zan koma.
Ita dai ban faɗa mata ba tukuna.