Ledar Sharaɗa

Shekara ashirin da shida ina yankan leda a Sharaɗa,
baƙa ta masu tumatir, fara ta masu burodi.
Ban taɓa jin an gode wa leda ba.
Ko ta rataye a wayar wuta,
ko ta toshe kwata, a zage mu da damina.

Daren Laraba, biyu saura, wayar Nasiba ta yi ƙara.
Na ce, wane marar ta ido ne?
Ta ce, Baba, tauraro ne ya mutu.
Na yi salati, na laluba takalmi.

A tsakar gida ta ɗora kwamfuta kan turmi,
ba wuta tun magariba.
Wani layi kwance kamar titin Zariya,
sai ya zabura, ya miƙe tsaye, ya faɗi.
Daƙiƙa goma sha tara.
Hasken gama, in ji ta, ido bai ganinsa.
Abin da rana za ta kashe tsawon ranta
shi ya ɓarnatar kafin na gama hamma.
Ya kamo hanya tun babu Dala,
babu Gwauron Dutse, babu ƙasar da suka tsaya a kai,
yau ya iso, tauraron ɗan'adam ya yi masa maraba,
ya buga wa 'yata waya a Gandun Albasa.

Na ce, to mu ya aka yi bai taɓa mu ba?
Ta ce nisa, da kuma iska, mayafin da Allah ya lulluɓa mana.
Mai son ganinsa sai ya hau bisa mayafin.
In kuɗin roka ya gagara
sai a hura balan-balan, girman filin ƙwallo,
a rataya masa na'ura mai nauyin mota,
ya haura inda tsakar rana ma sama baƙa ce.

Da me ake ɗinka shi?
Ta yi dariya har sauro ya watse.
Da leda, Baba. Ba ta kai taka kauri ba.

Da safe na tsaya gaban inji,
na ɗaga fara guda, na kalli taga ta cikinta.
Ɗanjuma ya yi tsawa, wai layi ya tsaya.
Na ninke ta huɗu, na sa a aljihu,
na danna maɓalli.