Mabuɗin Cocin Tsibiri

Mabuɗin yana hannuna yanzu.
Kafin ni, yana wurin Goggo Ismenia,
kafin ita, wurin mahaifinta Eleuterio Nahuelquín,
wanda bai taɓa karanta ko harafi ba
amma ya haddace sunan duk wanda teku ta ci
a wannan lungu na Chiloé.

Masassaƙan jirgi ne suka gina mana cocin.
Ba su san wani gini ba sai na ruwa,
sai suka kifa kwalekwale a kanmu, suka ce ga rufi.
Ɗaga kai ka ga haƙarƙarinsa.
Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya,
katako ne ya riƙe katako.

Fada sau ɗaya yake zuwa a shekara, in iska ta yarda.
Ranar ake ɗaura aure huɗu,
a yi wa yara baftisma, har masu haƙora.
Sauran kwanakin namu ne:
mu binne namu da kanmu,
mu rera abin da muka tuna,
inda baiti ya ɓace mu cike da tari.

Shekarar babbar girgizar ƙasa
gaɓa ta nutse, ruwa ya zo har gindin bagadi.
Aka aro bijimai goma sha biyu daga tsibirai uku,
aka jera gumagumai, aka ɗaura igiya,
aka ja cocin ɗungurungum zuwa kan tudu.
Kwana biyu yana tafe, yana nishi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Goggo ta ce ƙararrawa ta yi ta bugawa da kanta.
Mahaifinta ya ce gargadar hanya ce kawai.
Har ƙasa ta rufe su ba su daidaita ba.

Makabarta ce ba ta jawu ba.
In ruwa ya janye da asuba
kan gicciye biyu sukan leƙo,
tsuntsu ya sauka a kan na hagu.

Littafin sunaye ma ya sha gishiri.
Shafi goma sha ɗaya sun zama fari fat,
waɗanda ke ciki sai dai a bakin Clorinda,
ita kuma ta fara mantuwa.

Yau mu tara ne.
Samari sun tafi kamfanin kifi, sai kuɗin kyandir suke aikowa.
Baldovino kurma yana riga kowa cewa amin.
Rufi na yoyo daidai benci na uku,
na ajiye tukunyar dankali a wurin.

Jiya jikata Yasna ta kwanta rigingine a ƙasa,
ta daɗe tana kallon sama,
ta ce, Kaka, yaushe za a juya jirgin mu tafi?
Ban ba ta amsa ba.
Na miƙa mata mabuɗin ta riƙe mini,
ta karɓa da hannu biyu,
ta ce yana da sanyi.